Ƙarar Da Ba Mai Jin Ta Sai Mai Ita

A gidaje da yawa akwai wani dattijo ko wata dattijuwa da ke kukan ƙara a cikin kunne. Wani ya ce kamar kukan gyare ne, wani ya ce kamar fito, wani kamar ruwa na tafasa a tukunya, wani kuwa kamar ƙugin injin da ke can nesa. 'Yan gida su kasa kunne, ba su ji kome ba, sai su ɗauka rigimar tsufa ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ƙara gaskiya ce, tana hana barci, tana sa fushi da gajiya, har takan sa mutum ya daina shiga jama'a. Likitoci suna kiranta tinitus. Sau da yawa tana tafiya tare da raguwar ji, domin haka ne na'urar nan da ake sa wa kunne don taimakon ji takan kawo sauƙinta. A wannan wata za mu duba yadda abin yake, da wanda na'urar za ta yi wa amfani, da kuma abin da iyali za su yi.

Ba kai kaɗai ba ne

In kana fama da ita, ya mai karatu, kada ka ga kamar kai kaɗai aka zaɓa. A shekarar 2022 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka tarar kimanin manya 14 cikin kowane 100 suna jin wannan ƙara, watau mutum wajen miliyan 740 a duniya. A cikinsu akwai wajen miliyan 120 waɗanda ta matsa musu ƙwarai. Ba kuma sabon ciwo ba ne. Martin Luther ya soma fama da ƙugin kunne da jiri a shekarar 1527, ya yi ta kukansu a wasiƙunsa. Mawaƙin nan na Jamus, Beethoven, ya rubuta wa wani abokinsa likita a 1801 yana gaya masa kunnuwansa ba sa hutawa dare da rana, a lokacin kuwa jinsa ya fara tafiya.

Yadda kunne ke aiki

Kunne yana da sassa uku. Akwai na waje, watau fatar kunne da ramin da ya shiga ciki har ya tsaya a kan dodon kunne. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, inda ƙananan ƙasusuwa uku suke haɗe da juna. Can ciki kuma, a cikin ƙashin kai, akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. In sauti ya shigo sai ya kaɗa dodon kunne, ƙasusuwan nan su miƙa motsin ga ruwan katantanwa. A cikin katantanwar akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, ido ba ya ganinsu. Su ne ke mai da motsi ya zama saƙo, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa. Kowane rukuni yana da irin sautin da yake kamawa, waɗansu siriri, waɗansu mai kauri.

Abin lura shi ne, ƙwayoyin nan in sun mutu ba sa sāke tsirowa a jikin ɗan Adam. Waɗanda ke kama siririn sauti su suka fi saurin lalacewa. Shi ya sa dattijo yakan ce, "Ina jin muryarku, amma ban gane abin da kuke faɗi ba." Yana jin kaurin murya, amma haruffa irin su s da sh da f da ts sun ɓace masa, sai "sata" da "fata" su zama ɗaya a kunnensa.

Daga ina ƙarar ke fitowa?

Duk wanda ya taɓa neman tasha mai nisa a rediyo ya san abin da ke faruwa. In muryar ta yi rauni sai ka ƙara murɗa maɓalli, amma tare da muryar sai shuuu ɗin rediyon ya ƙaru. Masana da yawa suna ganin haka ƙwaƙwalwa take yi. Sa'ad da saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ta ƙara ƙarfin saurarenta, har ta soma jin motsin jijiyoyinta na kanta kamar sauti. Domin haka kaifin ƙarar da mutum ke ji yakan yi daidai da irin sautin da kunnensa ya rasa.

A shekarar 1953 waɗansu masana biyu a Amurka, Heller da Bergman, suka sa mutum 80 masu lafiyar kunne a wani ɗaki da sauti ba ya shiga, kowa na minti 5. Da suka fito, 94 cikin 100 suka ce sun ji fito ko ƙugi ko shuu. Ashe ƙarar tana nan kusa da kowa, hayaniyar duniya ce ke rufe ta. Ka tuna da gyare. Da tsakar dare kukan gyare ɗaya yakan cika ɗaki, amma a kasuwa ran cinta wa zai ji shi? Mutumin da jinsa ya ragu kamar wanda ke zaune cikin tsakar dare ne kullum, ko da rana tsaka.

Abubuwan da ke lalata ji

Tsufa yana kan gaba, sai kuma ƙara mai ƙarfi. Mai injin niƙa, da maƙeri, da mai walda, da mai yankan katako, da wanda ke kwana kusa da janareta, da mai zama gaban lasifika a wurin biki ko taro, duk suna cikin haɗari. Akwai kuma cututtuka: sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda aka ƙyale ya daɗe. Zazzaɓin Lassa ma yakan bar kurumta ga wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga gare shi.

Waɗansu magunguna kuma suna taɓa kunne. Kwinin da asfirin mai yawa sukan kawo ƙara, wadda galibi takan tafi bayan an gama shan maganin. Amma allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin suna iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ba a kiyaye awo ba. Wannan babban dalili ne na ƙin karɓar allura a hannun wanda ba ma'aikacin lafiya ba. In kuwa likita ne ya rubuta maka magani sa'an nan kunne ya kama ƙara, kada ka tsai da shi da kanka, koma ka gaya masa tun da wuri.

Wani lokaci kuma dalilin ƙarami ne: dauɗar kunne ce ta toshe rami. A wanke a asibiti, ji ya dawo, ƙara ta tafi.

Aikin na'urar ji

Na'urar ji 'yar ƙarama ce, tana da makirufo mai ɗaukar sauti, da sashen da ke ƙara masa ƙarfi, da ɗan lasifika mai zuba shi cikin ramin kunne, da batir. Akwai wadda ake ratayawa a bayan kunne, akwai wadda ke zama cikin ramin. Tun wajen 1996 aka fara sayar da masu aiki da 'yar kwamfuta a ciki, yawancin na yanzu kuwa irinsu ne. Amfaninsu shi ne ana iya saita su su ɗaga sautin da mutum ya rasa kaɗai, su bar wanda yake ji da kyau yadda yake.

Tun a 1947 likitoci biyu, Saltzman da Ersner, suka ba da labarin majinyatan da ƙarar kunnensu ta yi sauƙi sa'ad da suka sa na'ura. Hanyoyin da take taimako uku ne.

Na fari, tana dawo da ƙananan sautukan gida waɗanda suka ɓace: takun sawu, kukan kaji, motsin ganye, tsiyayar ruwa. Waɗannan su ke cika shirun da gyaren nan yake sarauta a ciki.

Na biyu, in saƙo ya soma isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, ba ta da sauran dalilin murɗa maɓallinta har ƙarshe.

Na uku, tana rage wahalar saurare. Mai raunin ji yakan wuni yana ƙoƙarin kama magana, yana cike giɓi da zato, kafin magariba ya gaji liƙis. Gajiya da damuwa kuwa suna ƙara wa ƙarar nauyi. Mutane da yawa suna ɗora wa ƙarar laifin hana su jin magana, alhali kuwa raunin ji ne ke hana su. In aka gyara ji sai su ga rabin ƙiyayyar da suke yi wa ƙarar ta tafi.

Waɗansu na'urori suna da ƙarin dabara, suna fitar da wani sauti mai laushi kamar yayyafi ko iska. Ba a ɗaga shi har ya binne ƙarar ɗungum. Ana sa shi ƙasa kaɗan, su gauraya, domin ƙwaƙwalwa ta saba. Wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya bayyana wannan tunani a 1990. Ya nuna cewa abin da ke wahal da mutum shi ne tsoro da ɓacin ran da ƙwaƙwalwa ta ɗaura wa ƙarar, in an kwance su sai ta koyi ƙyale ta. Mutumin da gidansa ke bakin titi, a makon farko kowace mota tana ta da shi daga barci, bayan shekara kuwa sai baƙo ne ke jinsu.

Abin da ba za ta yi ba

Dole a faɗi gaskiya, gama kuɗin na'ura ba kaɗan ba ne. Ba ta warkar da ƙarar kunne, ba ta kuma ta da ƙwayoyin da suka mutu. Wani in ya sa ta ƙarar takan ɓace muddin tana kunne, wani ta ragu, wani kuwa ba ya ganin canji a ƙarar sai dai jinsa ya gyaru. In an cire ta da dare, ƙarar takan dawo. A 2018 ƙungiyar masana ta Cochrane ta duba bincike 8 da aka yi a kan mutum 590. Ta tarar masu sa na'urar ji da masu sa na'urar sauti duka sun sami sauƙi, amma shaidar ba ta yi ƙarfin da za a ce wannan ta fi waccan ba.

Duk da haka ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka a 2014, da hukumar NICE ta Ingila a 2020, sun ba da shawara iri ɗaya: wanda ƙarar ke damunsa, yana kuma da raunin ji, a gwada masa na'ura. Hukumar ta Ingila ta ƙara da cewa wanda jinsa lafiya lau yake kada a ba shi. Ƙungiyar ta Amurka kuma ta hana likitoci ba da ƙwayoyin ganyen ginko da zinki da melatonin don wannan ciwo, gama ba a ga amfaninsu ba. Saboda haka in mai talla ya zo da kwalba yana cewa kwana bakwai za ta kashe ƙarar kunne, riƙe kuɗinka. Haka kuma kada a ɗiga man ja, ko ruwan albasa, ko ruwan wani ganye a kunne. Ƙarar ba a ramin take ba, in kuma dodon kunne ya huje abin da aka ɗiga zai wuce ciki ya yi ɓarna.

A fara da gwaji

Matakin farko shi ne a ga likitan kunne ya leƙa ciki. Bayan haka sai gwajin ji. Za a sa ka a ɗaki marar hayaniya, a sa maka abin saurare, a riƙa sako sauti iri iri daga mai kauri zuwa siriri, kana ɗaga hannu duk sa'ad da ka ji. Ba zafi, ba allura, ba ya kuma kai awa ɗaya. Sakamakon zane ne a takarda mai nuna abin da kowane kunne ya rasa, da shi ne ake saita na'ura. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa wadda aka kafa a 1999, asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Jos su ma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

A kasuwa da intanet ana sayar da waɗansu abubuwa masu kama da na'urar ji a kan kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado. Yawancinsu suna ɗaga kowane sauti gaba ɗaya, ƙarar babur da muryar jika duk ɗaya, har suna iya ƙara lalata sauran jin da ya rage. Aron na wani ma ba shi da kyau, kamar sa tabaran wani ne. In kunne biyu ne suka raunana, sa biyu ya fi. In kuɗi bai kai ba, ma'aikacin zai nuna wanda za a fara da shi. Kafin ka biya, tambaya ko akwai lokacin gwaji, da inda za a gyara in ta lalace, da inda ake samun batir.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a tafi asibiti ran nan, gama maganinsa ya fi ci a cikin kwanakin farko. Haka kuma in ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko tana kunne ɗaya kaɗai, ko ta zo da jiri mai tsanani, ko karkacewar fuska, ko bayan buguwa a kai. In kuma ta kai mutum ga cewa ya gaji da rai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita nan da nan.

Makonnin farko

Mutane da yawa sukan sa na'ura kwana uku su jefa ta cikin akwati. Suna cewa muryarsu ta zama kamar daga cikin rijiya, cokali in ya taɓa kwano kamar an buga ƙarfe. Wannan ba lalacewa ba ce. Ƙwaƙwalwa ta yi shekaru ba ta ji waɗannan sautuka ba, sai ta sāke koyo. Fara da awa biyu ko uku a cikin gida, kana hira da mutum ɗaya. Ka riƙa ƙarawa kowace rana har ka kai wuni. Kasuwa da tasha su zo daga baya. Sabo yakan ɗauki makonni, sauƙin ƙarar kuwa wani lokaci sai bayan watanni. Sannu ba ta hana zuwa. Koma wurin wanda ya saita ta, ka gaya masa musamman cewa kana da ƙarar kunne, domin akwai saitin da ke barin ƙananan sautuka su shigo, ba ya tace su duka.

Maƙiyan na'ura uku ne: ruwa, ƙura da dauɗar kunne. A cire ta kafin wanka. Da hunturu a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle kowane dare. Da damina a kwantar da ita cikin kwalba mai murfi tare da ƙullin nan mai tsotse laima. Kada a shanya ta a rana ko kusa da murhu. Batir ɗin da ake yarwa yana da ɗan liƙi a bayansa, da zarar an ɓare shi ya soma aiki, yakan yi 'yan kwanaki zuwa mako biyu bisa ga girmansa. Akwai kuma na'urori masu caji, waɗanda ƙaramin faifan sola ya isa ya cika su.

Iyaye mata, ku lura da wannan. Batirin na'ura ƙarami ne, yana ƙyalli, yaro zai ɗauka alewa ce. A ɓoye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. In yaro ya haɗiye, ko ya cusa a hanci ko kunne, a garzaya asibiti, kada a jira a ga ko zai fito.

In dare ya yi

Da dare ne aka fi shan wuya, gama an cire na'ura, gari kuma ya yi tsit. Kada ka kwanta cikin shiru sarai. Bar fanka tana juyawa, ko ka kunna rediyo ƙasa ƙasa, ko sautin ruwan sama a waya, a ajiye kusa da kai ba a cikin kunne ba. Goro da shayi mai kauri da kofi da yamma suna hana barci, rashin barci kuwa yana ƙara wa ƙarar kaifi washegari. In damuwar ta ƙi sauka, akwai jiyya ta hanyar zantawa da masanin halin ɗan Adam, inda ake koya wa mutum yadda zai canja tunaninsa game da ƙarar. A cikin dukan hanyoyin da aka gwada, ita ce ta fi samun shaidar rage wahala.

Aikin 'yan gida

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce cikin mutum 100 da ke bukatar na'urar ji, wajen 17 ne kaɗai suke amfani da ita. Tsada dalili ne, kunya ma dalili ce. Dattijo yana tsoron a ce masa kurma. A nan ne iyali suke da aiki. Ba wanda ke yi wa mai tabarau dariya, don me za a yi wa mai na'ura?

In za ka yi magana da shi, matso kusa, ka fara kiransa: "Baba, ina da magana." Bari ya juyo ya ga fuskarka. Rage rediyo. Yi magana a hankali, ba da ihu ba, gama ihu yana murɗe kalmomi, da na'ura kuwa yana da zafi a kunne. In bai gane ba, sāke faɗi da waɗansu kalmomi. Kada ka ce, "Bar shi kawai, Mama, ba kome." Wannan kalma tana da ciwo, ita ce ke koya wa tsofaffi yin shiru a tsakar gidansu. Jikoki masu kaifin ido su taimaka da canjin batir da gogewa. Wanda ke zuwa asibiti a raka shi, domin kunne biyu sun fi ɗaya kama bayanin likita.

Kiyaye abin da ya rage

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar yau da kullum wajen 60 ce. A kan 85 kunne yana iya jure awa 8 a rana. Duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, a kan 100 kuwa minti 15 kaɗai. Ba sai kana da ma'auni ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tsawon hannu daga gare ka ya ji, ƙarar wurin ta yi yawa. Mai aikin inji ya sayi abin toshe kunne na roba, kuɗinsa kaɗan ne, auduga ba ta tare ƙara sosai. A matsar da janareta nesa da ɗakin kwana. Kada a zaunar da yara gaban lasifika. Samari masu sa abin saurare a kunne su rage murya, su riƙa ba kunne hutu. In ka fito daga biki kunnenka yana fito, gargaɗi ne ya yi maka, ka ji shi. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda da sanƙarau, a kuma daina sosa kunne da tsinke ko ashana ko gashin kaza.

Kowace shekara ran 3 ga Maris ake kiyaye Ranar Ji ta Duniya, amma ba sai ka jira ta ba. In akwai wanda ke kukan ƙarar kunne a gidanku, ku gaskata shi, ku sa ranar kai shi gwaji a cikin watan nan. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.